Karar da Na Yi a Zauren Baba

Yanzu a gidana kowa da farantinsa. Jikokina su jeru gaban talabijin, kowanne da cokalinsa da tsokarsa da aka riga aka ɗora masa a kan shinkafa, ba mai duban na wani, ba mai ce wa wani bismilla. Tsofaffin da muke zama da su a ƙofar masallaci bayan La'asar kullum kukansu ke nan, wai tarbiyya ta mutu, yaran yanzu ba su san kara ba. Ni idan hira ta zo nan sai in ɗauki butata in ce zan zagaya. Ba don ban yarda da su ba ne. Kara ta yi mini ɓarnar da har yau ba ta bar raina ba, kuma ba na so in yi wa mutane tsawa a ƙofar masallaci da furfurata.

A Faskari na tashi, a gidan dillalin shanu. Babanmu shi ne mai masaukin Fulanin da ke kawo dabbobi kasuwar Mairuwa, saboda haka zaurenmu bai taɓa rabuwa da baƙo ba. Abin da ke tashe ni da safe shi ne kukan maruƙan da aka ɗaure a bayan gida, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, sai kuma lugude daga cikin gida idan innarmu ta kama dakan fura. Aikina in shayar da dabbobin baƙi, in zuba musu harawa, in share zaure in shimfiɗa tabarmi, in fito da akushi idan tuwo ya sauka. Akushin ɗaya ne, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, an ɗinke tsagewar gefensa da waya, kuma mutum shida ko bakwai ke kewaye shi. Nama ba kullum ba. Ranar da aka samu, kowa zai ci daidai gabansa har a zo kan tsoka ta ƙarshe, a nan ake karatun da ba a yi a makarantar boko. Wanda ta fi kusa da shi zai tura ta gaban na gefensa da ɗan yatsa, shi kuma ya turo ta, a ce ɗauka, a ce a'a wallahi na ƙoshi, alhali kowa ya san ba wanda ya ƙoshi. Sai ta je ta dawo sau uku. A na ukun ne babba zai ɗauke ta da hannunsa ya ajiye gaban wanda ya fi cancanta, ko baƙon da ya sha doguwar tafiya ko wanda ya wuni yana aiki, ya ce ci, kada ka ƙara magana. Wannan ita ce kara, kuma ba a akushi kaɗai take ba. Da ita ake ciniki, da ita ake neman aure, da ita ake rabon gona.

Sau ɗaya tak na taɓa ɗaukar tsoka a turowar farko, ina ƙarami, yunwa ta ci ni. Baba bai dake ni ba. Sai da baƙi suka watse ya kira ni, ya sa na durƙusa, ya ce mini: "Ƙarami shi ka turawa, babba shi ka maidowa. In ɗaya ya ƙi yin nashi, ba kara anka yi ba, ƙwace anka yi." Na riƙe rabin farko na wannan magana da hannu biyu. Rabi na biyun kuwa ban taɓa tsammanin zan ga ranarsa ba, don a zaurenmu ban taɓa ganin babban da ya ƙi mayarwa ba.

Da aka kai ni makarantar kwana na haɗu da wani ɗan Sabuwa, yana gaba da ni da aji biyu. Shi ya tsaya mini manyan ɗalibai suka daina cin zalina, ni kuma nake wanke masa kaya, nake kiransa Yaya, har yau ban iya kiransa da wani suna ba. Mutum ne mai daɗin baki, mai dariya da dukan jikinsa, in ya shiga wuri sai wurin ya zama nasa. Karatu dai ba ya wahalar da kansa a kai, amma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, yadda yake yi Allah kaɗai ya sani. Ya karanta lauya, na bi sawunsa na karanta, aka ɗauke mu aikin gwamnati a ofis ɗaya a babban birnin jiha. In an kawo fayil mai kauri zai ɗaga shi ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya miƙo mini ya ce ƙanena, wannan irin naka ne. Ni kuwa daɗi nake ji, wawa, ina ganin yabo ne.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur suka ɓalle wa ƙasar nan. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Cikin ɗan lokaci rufin ciyawa ya zama abin kunya, kowa kwano yake nema. Malamin firamare ya hau babur sabo fil, masinja ya rataya rediyo a kafaɗa, ana cin shinkafar waje da madarar gwangwani a garuruwan da rumbunansu ke cike da dawa. Gonaki suka fara zama saura saboda samari sun tafi birni leburancin gini. Kalmar da ta fi kowace yawo a bakin mutane ita ce kwangila. Ba na ƙin ci gaba, ni ma na hau kwalta na ji daɗinta. Abin da nake ƙi shi ne abin da na ga yana faruwa a idanun mutane. Waɗanda muka ci tuwo da su a akushi ɗaya suka koyi wani irin kallo, kallon mai lissafin abin da zai iya ɗauka kafin wani ya riga shi. Ba su manta da al'ada ba, wannan shi ne abin takaicin. Sun san ta sarai, sai dai sun gano cewa mai riƙe da ita ya fi sauƙin cuta.

Ana wannan bidiri a birni, arewa da mu fari ne ke kashe dabbobi. Makiyaya daga ƙetaren iyaka suka gangaro kudu da abin da ya rage musu, suna bin burtalin da kakanninsu suka saba bi. Cikinsu akwai wani tsoho da muke kira Arɗo, baƙon Baba ne tun ban san kaina ba, shi ne ma ya taɓa ba ni 'yar akuya ranar da na sauke Alƙur'ani. A lokacin ofis ya turo ni rangadin duba fayilolin ƙananan kotuna a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ina shiga wata kotu a wajen Ƙanƙara sai na tarar da Arɗo zaune a ƙasa, sandarsa a gefe, ya rame har ban gane shi da farko ba. Wasu ma'aikata masu kaki sun tsare masa garke, wai ya shigo ƙasa ba takarda, shanunsa ma ba takardar allura. Aka killace su a wani fili ba ciyawa ba inuwa. Alƙalin dattijo ne mai tsoron Allah, ya rubuta wa na sama da shi, na sama ya rubuta wa na samansa, ba wanda ya amsa. Da alƙalin ya gan ni ya yi murna, yana zaton mafita ta zo. Ya ce mini, malam lauya, kai ka yi karatun zamani, wace doka ce ke kan mutumin nan, ta nan ko ta can? Shekaru na yi ina haddace shari'un Turawa a kan filaye da jiragen ruwa da kamfanoni, amma ba wanda ya taɓa koya mini abin da ake yi da saniyar da ta tsallaka iyaka don neman ruwa.

Arɗo ya ɗago kai ya dube ni, da Hausarsa mai karkata ya ce lokacin da kakansa ke bin wannan hanya babu nan babu can, daji ne da ruwa. Kafin takarda ta dawo daga sama, fiye da rabin garken ya kwanta. Na ga ana jan mushen wata farar saniya da na sani tun tana maraƙa, ni na sha shayar da ita a bayan gidanmu. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na koma ofis da wannan abu a raina. Sai ga wata sanarwa an manna a allon ƙofar ofis, har ta fara naɗewa ba wanda ya kula ta. Wata hukuma ce a Turai ke ba ma'aikatan shari'a na ƙasashe masu tasowa gurbin zuwa kwas a kan dokokin ƙasa da ƙasa. Su za su ɗauki nauyin jirgi da masauki da abinci, manyan masana su koyar da kai watanni, ka zauna da takwarorinka na wasu ƙasashe, ka koyi yadda ake ƙulla yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati, ka dawo ka yi wa ƙasarka aiki. Sharaɗin shi ne a aika musu da rubutu a kan wata matsala ta gaske, in ya gamsar da su su ba gwamnati gurbi, gwamnati ta tura jami'inta. Na nuna wa Yaya, ya yi dariya ya ce wa zai je ya sha sanyi a kan shanun Fulani ana rabon arziki a gida. Ni kuwa na zauna. Duk ranar da aka tashi aiki sai in tsaya a kan tafiretar sakatare, da yatsa biyu, tana cin harafin nan tana tsallake wancan. Na koma Ƙanƙara na kwafi fayil ɗin Arɗo, na zauna da makiyaya a kasuwar Mairuwa suna zana mini burtali a ƙasa da tsinke, daga inda ya taso har inda ya ɓace. Abin da na rubuta ba wani abin mamaki ba ne: cewa ƙasashe maƙwabta su yarda da takarda guda ɗaya ta makiyayi, wadda za a karɓa nan a karɓa can, kuma kada a sake tsare dabba mai rai ana jiran wasiƙa. Na kai wa shugaban ofishinmu, wanda muke kira Yallaɓai, ya sa hannu bai karanta ba, aka aika.

Damina ta wuce, na fid da rai. Wata Asabar ina gida Faskari sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar zaurenmu, Yallaɓai ne da kansa da Yaya. Suka ce hanya ce ta biyo da su, suka ga bai kamata su wuce ba su gaida Baba ba. Kada ku so ku ga murnar da tsohon nan ya yi. Babban mutum irin wannan a zauren dillalin shanu. Ya sa aka kama zabi biyu aka yanka, aka fito da sabuwar tabarma, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Yallaɓai ɗan ƙasarmu ne, a akushi ya tashi kamar mu, ya naɗe hannun riga ya ci tuwo da hannu yana yabon miya, yana tambayar Baba farashin bijimai. Aka ci aka wanke hannu. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wata ambulan mai tambarin ƙasar waje, ya buɗe ta a hankali.

Ya ce Turawan nan sun amsa. Sun yaba da rubutun, sun ba mu gurbi, amma na mutum ɗaya ne, kuma gwamnati ce za ta faɗi sunansa. Sai ya juyo gare ni, gaban Baba, gaban Yaya, ya ce: "Takardarka ta jawo shi. To, mi ka gani?"

A raina na riga na hau jirgi. Amma ga mahaifina zaune, ga wanda ya girme ni a makaranta ya girme ni a aiki gwiwarsa tana taɓa tawa. Ban ma yi tunani ba, bakina ne ya yi abin da aka koya masa. Na sunkuyar da kai na ce: "Ranka ya daɗe, ai ga Yaya nan zaune. Ya riga ni shiga aiki."

Na ga Baba ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Ni kuma a cikina ina ƙirgawa, ɗaya ke nan, saura biyu. Yanzu Yaya zai ce haba, shi ya sha wahalar, ni me na sani a kan shanu. In sake turawa, ya sake maidowa, Yallaɓai ya yanke magana ya ce kai za ka tafi, kada ka ƙara cewa komai. Haka aka saba, haka na gani tun ina share wannan zaure.

Yaya ya cire tsinken sakace daga bakinsa, ya dafa kafaɗata ya ce: "To madalla. Na gode, ƙanena, Allah shi yi albarka."

Yallaɓai ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ce shi ke nan, mun hutar da shi. Suka yi sallama, Baba ya raka su har mota, ni ma na raka su, har na buɗe wa Yallaɓai ƙofa da hannuna. Wannan buɗe ƙofar ta fi komai ci mini rai in na tuna. Mota ta tashi, muka dawo zaure, akushi na nan ba a ɗauke ba. Baba ya zauna ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, wataƙila yaron kunyar Yallaɓai ya ji, zai aiko. Muka jira aike kwana uku.

A rana ta huɗu Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau motar kasuwa zuwa Sabuwa wurin mahaifin Yaya. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya tafi roƙo saboda ni. Da ya dawo da yamma na tarbe shi na karɓi kayan hannunsa, ƙwarya ce cike da mazarƙwaila. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce an karɓe shi hannu bibbiyu, an yi gaisuwa, an yi hirar damina da ta shanu, an yi Azahar, an yi La'asar. Mai gidan ya yi ta godiya a kan alherin da na yi wa ɗansa, yana sa albarka, har ya kira maƙwabta su taya shi godiya. Na ce, to Baba, ka faɗa masa abin da ya kai ka? Ya kau da kai. Ya ce mutum shina yi maka godiya gaban jama'a, ta ina za ka ce mashi a maido? Ashe shi ma karar ya je ya yi, wuni guda, ya dawo da mazarƙwaila. Na so in yi dariya, na so in fasa ƙwaryar da bango. Ban yi ko ɗaya ba, na kai wa innarmu ta raba wa yara.

Ranar Litinin na shiga ofishin Yallaɓai, na ajiye kunya a waje na ce masa ina son gurbina. Bai ko ɗago daga takardun gabansa ba. Ya ce da bakina na bayar, gaban mahaifina, shi kuma ya riga ya aika da suna, ko so nake Turawa su ce ba mu san abin da muke yi ba? Ya ce in yi haƙuri, ni yaro ne, wata shekarar tana nan. Wata shekarar aka ba wata ƙasa. Da abin ya sake zagayowa kanmu an canza shugabanni, sanarwar ma a aljihun tebur ta tsaya, 'yan gida suka raba. Lokacin da na sake ganinta a allo da idona, na wuce shekarun da suka ƙayyade.

Yaya ya tafi da rubutuna a jakarsa, a jirgi ya fara karanta shi, shi ya gaya mini da bakinsa yana dariya. Ya aiko mini da kati mai hoton gada. Da ya dawo ya kawo mini agogo, ya kawo wa Baba bargo, ya sa takardar shaidar kwas ɗin a gilashi ya rataye a falo. Na tambaye shi abin da masanan suka ce game da takardar makiyaya. Ya ce sun ce abu ne mai kyau ƙwarai, sai ya shiga ba ni labarin jirgin ƙasa da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Littattafan da aka ba su kwali biyu ne, na roƙe shi aro, ya ce suna cikin kaya bai kwance ba. Shekara ba ta zagayo ba ya ajiye aiki ya shiga kwangilar siminti, shi da Yallaɓai. Kwalayen nan na gan su bayan shekaru a ɗakin ajiyarsa, gara ta cinye su tun daga ƙasa.

Arɗo bai sake zuwa zaurenmu ba. Wani ya ce ya koma arewa da 'yan shanun da suka rage, wani ya ce an ga 'ya'yansa suna gadi a birni. Baba kuwa tun daga tafiyar Sabuwa ya rage magana. Bargon da aka kawo masa bai taɓa lulluɓa da shi ba, ya shimfiɗa wa wani ɗan maraƙi mara lafiya. Wata rana muna zaune mu biyu, ba abin da ya kawo maganar, ya ce mini: "Na koya maka zama da mutane. Ban san waɗanga na tahe ba."

Na yi aikina har na yi ritaya, ban taɓa fita ƙasar nan ba sai aikin Hajji. Ba zan yi ƙarya in ce da ni na tafi da yau dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa yana shiguwa ba. Ni wane ne. Wataƙila da na dawo an jefa takardata a kwandon shara kamar yadda aka jefa na waɗanda suka fi ni. Amma da na gwada. Da na tsaya a gaban masanan nan na faɗa musu yadda farar saniya take mutuwa a tsaye tana jiran sa hannu, da na dawo na dami mutane har su gaji da ni. An buɗe ƙofa guda ɗaya don mutanen da ba su da murya, aka tura wanda ya je kallon gada. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Na ga an tura mai ciwon baya kwas don ya ga likita, na ga an tura ango don ya sayo kayan lefe. Masu ba da gurbin suna can suna zaton suna gina ƙasashe, mu muna nan muna raba shi kamar naman suna. Burtalin da makiyaya suka zana mini da tsinke an nome shi, an gina shi, yau in ka tambayi saurayi a Mairuwa inda ya bi ba zai iya nuna maka ba. Hanyar da Baba ya bi da motar kasuwa shi kaɗai da babbar riga, yanzu sai an yi addu'a an jira rakiya.

Bara Yaya ya zo gidana a Faskari. Ya bar Sabuwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, yana zaune wurin 'yarsa, ciwon suga ya cinye shi, da sanda yake tafiya. Kuɗin simintin sun tafi yadda suka zo. Na karɓe shi, na sa aka kawo abinci, na ce a zuba mana a kwano ɗaya kamar da. Muka ci muna hirar waɗanda suka mutu. Sai ya ajiye hannu ya ce yana neman gafarar mutane ne tun da sauran numfashi, akwai abin da yake so in sani. Na ce ai ya wuce. Ya ce a'a, ban san shi duka ba.

"Ran nan ba hanya ta biyo da mu ba," in ji shi. "Tun a ofis munka shirya. Yallaɓai ya ce in anka tambaye ka a ofis za ka amsa, amma gaban tsohonka ba ka iya miƙa hannu. Mun san kara za ka yi. Don ita munka zo."

Shekara arba'in da wani abu ina zagin kaina, ina cewa wautata ce, ina ma yi masa uzuri cewa wataƙila kwaɗayi ne ya kama shi nan take, kamar yadda ya kama ni ina yaro a gaban akushi. Ashe da awo aka zo. Aka zauna a kan sabuwar tabarmar mahaifina, aka ci zabinsa, aka yabi miyarsa, aka yi amfani da tarbiyyar da ya ba ni aka yanka ni da ita. Tsohon nan ya mutu yana ganin laifinsa ne.

A cikin kwanon saura tsoka ɗaya. Yaya ya sa ɗan yatsansa ya turo ta gabana, ya ce ɗauka, ƙanena. Yana jira in ce a'a wallahi na ƙoshi. Na ɗauka. Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, na daɗe ina taunarta, yana kallona ina kallonsa, har na haɗiye.

Sannan ya ce in yafe masa. Na san abin da malamai ke faɗa a kan yafiya, ni ma ina neman ta wurin Ubangijina, kuma na san amsar da ake bayarwa tun kafin mai roƙo ya rufe baki. Bakina har ya fara, na kama shi. Na ce masa a zauren Baba ba a gama magana a turowar farko, ya je ya dawo, sai ya tambaya sau uku. Ya dube ni, ya gane, ya jawo sandarsa.

Ya sake zuwa bayan Babbar Salla, jikansa na riƙe da shi, ya tambaya, na ba shi ruwa na raka shi ƙofa. Biyu ke nan. Jiya 'yarsa ta yi waya ta ce jikin ya yi tsanani, ba ya iya tashi, amma yana ta cewa a kai shi Faskari, saura ɗaya. Na kwana da abin, na tashi da shi. Yau da safe na sa an wanke mini babbar rigata ta Juma'a. Zan je, amma sai ya tambaya da bakinsa, ba zan riga shi ba.